Malam Abdullahi Mai Boɗinga da Asalin Gidansu

Wanda ya fita Sakkwato ya bi hanyar Yabo da Shagari, zai ratsa ta Boɗinga, kusa da ita kuwa ga Sifawa, tsakaninsu kamar mil biyu ne. Matafiyi ya kan wuce su bai waiwaya ba, gama ba su da girman da zai tsai da shi. Amma fa akwai shekara biyar, daga wajen 1810 zuwa 1815, da babu wani wuri a ƙasar Hausa duka da ya fi waɗannan garuruwa biyu daraja. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ke zaune, a Boɗinga kuwa ƙanensa Malam Abdullahi, wanda saboda haka har yau a ke ce masa Mai Boɗinga, ko da ya ke an fi saninsa da Abdullahin Gwandu. A cikin kwanakin nan ne Malam Abdullahi ya ɗauki alƙalami ya rubuta asalin gidansu. Kusan duk abin da mu ke karantawa yanzu na kakannin Sarakunan Musulmi da sarakunan Gwandu daga hannunsa ya fito. Abin da ya sa muka zaɓi mu ba da labarinsa shi ne, mutumin nan da ya tsare wa gidan nan asalinsa, shi ne kuma wanda ya fi kowa tsoron kada asalin ya zama tsanin hawa sarauta.

Bari mu fara da jerin kakannin, yadda ya kawo su. Shi ne Abdullahi ɗan Muhammadu, wanda a ke wa laƙabi da Fodiyo, watau malami da Filatanci. Muhammadu Fodiyo ɗan Usmanu ne, ɗan Salihu, ɗan Haruna, ɗan Muhammadu Gurɗo, ɗan Jaɓɓo, ɗan Muhammadu Sambo, ɗan Ayuba, ɗan Masirana, ɗan Buba Baba, ɗan Musa Jokollo. Musa Jokollo shi ne wanda ya taso da jama'arsu, Toronkawa, daga Futa Toro, can bakin kogin Sanagal, ya kawo su ƙasar Ƙonni, wadda yanzu ta ke cikin Jamhuriyar Nijar. In muka ƙidaya za mu ga uba goma sha ɗaya tsakanin Malam Abdullahi da zuwan nan. Masu lissafin tarihi su kan ba kowane uba kamar shekara talatin, su ce ashe zuwan ya auku wajen shekara ta 1450. Watau sa'ad da aka haifi Shehu da ƙanensa, gidansu ya yi shekara wajen ɗari uku yana shan ruwan ƙasar Hausa. Daga Ƙonni wani reshe nasu ya koma Maratta, inda aka haifi Shehu cikin 1754, daga baya kuma suka sauka Ɗegel.

Ta wajen uwa ma bai yi shiru ba. Mahaifiyarsu Hauwa'u ce, 'yar Muhammadu ɗan Usmanu ɗan Hamma ɗan Ali, daga dangin da a ke kira Alibawa, su ma Toronkawa ne, gidan karatu ne kuma. Auren zumunta ya yi yawa a tsakaninsu, har ya zama mutum guda ya kan zama baffan yaro ta nan, kawunsa ta can.

Bayan Musa Jokollo kuwa, sai labari ya shiga hazo. Abin da aka gada shi ne Filani sun fito daga tsatson Uƙba, mayaƙin Larabawa, wanda aka ce ya auri wata 'yar sarki mai suna Bajjo Mango, ta haifa masa 'ya'yan da suka fara magana da Filatanci. Waɗansu sun ce Uƙba ɗan Nafi'u ne, wanda ya gina Ƙairawan cikin 670, waɗansu kuwa sun ambaci wani Uƙba dabam. Masanan zamanin nan da suka gwada harsuna sun ga Filatanci ɗan'uwan harshen Serer ne da na Wolof, na can ƙasar Sanagal, saboda haka ba su ɗauki labarin Uƙba a kan tarihi tsantsa ba. Mu dai abin da muka lura da shi, a littafin da mu ke magana a kansa sunayen da Malam Abdullahi ya jera ɗaya bayan ɗaya sun tsaya ne ga Musa Jokollo.

Wannan hali na kai asali can nesa ba namu ba ne mu kaɗai. A tsibirin Ailan, yamma da Ingila, a zamanin da akwai gidajen masana waɗanda sana'arsu ita ce tsare asalin sarakuna. Babban gidan sarautarsu, zuriyar wani sarki Niyal, sun riƙe sarautar Tara shekaru ɗaruruwa, reshen arewa ya yi, na kudu ya karɓa, har Birayan Boru, wanda ba jininsu ba ne, ya ƙwace cikin 1002. Masanan nan sun kai asalin Niyal ga wani mayaƙi da suka ce daga Sifen ya ke, daga gare shi kuma har Annabi Nuhu. A can ma, sunayen kusa su ne tabbatattu, na nesa kuwa ado ne. A can ma, duk wanda ya ke cikin jerin yana iya ɗaga kai ya nemi gado, shi ya sa takardar asali ba ta taɓa zama abin wasa ba.

To, mu koma ga malaminmu. An haife shi wajen shekara ta 1766, Shehu ya girme shi da shekara goma sha biyu. Ya yi karatun Alƙur'ani gun mahaifinsa, da ya kai shekara goma sha uku sai aka danƙa shi ga wansa. Tun daga ran nan bai rabu da Shehu ba sai sau ɗaya, za mu kuwa zo ga wannan. Gun Shehu ya karanta Ishiriniya da waƙoƙin Larabawan jahiliyya, da nahawu, da tauhidi, da fiƙihu. Sa'an nan ya yi ta zagaya malamai, yawancinsu baffanninsa ne da kawunnansa da 'ya'yansu. Shi da Shehu suka zauna gaban Alhaji Muhammadu ɗan Raji suka ji Sahihul Buhari wajen 1786. Suka kuma ɗauki karatu gun Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya yi hajji, mai zafin wa'azi, wanda su duka biyu suka riƙe shi da girma matuƙa, ko da ya ke Shehu bai bi shi ga kafirta mai saɓo ba.

Larabci ya zauna wa Abdullahi a baka tun yana saurayi, har ya zama in ana bukatar amsa da waƙa shi Shehu ya ke sa wa. Sa'ad da su ke yawon wa'azi a Zamfara, inda suka yi kamar shekara biyar, wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya tarye su da waƙa yana zargin Shehu da barin mata su halarci wa'azi tare da maza. Shehu ya umurci ƙanensa ya amsa. Abdullahi yana ɗan shekara ashirin ko kusa da haka, ya mayar da amsa a kan ma'auni da amsa-amon waƙar mai zargin. Hujjarsa kuwa ita ce, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi wancan muni, kuma ana raba mazauninsu da na maza. Yana nan kuma a Magami, wajen 1788, ran Babbar Salla, sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi abu biyar maimakonta: a bar shi ya kira mutane ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi, ba ma tsawaita ba. Sarkin Gobir Nafata ya yi doka kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu, kada a naɗa rawani ko a yi lulluɓi, kuma wanda bai gaji Musulunci ga ubansa ba ya koma ga abin da ya tarad da ubansa yana yi. A lura da wannan ta ƙarshe, gama doka ce ta asali: an ce wa mutum iyakarsa inda aka haife shi. Jama'ar Shehu kuwa a kan saɓanin haka ta taru, akwai Filani, akwai Hausawa, akwai Buzaye. Zamanin Yunfa abu ya ɓaci, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin Fabrairu 1804. Da jama'a ta tsai da shawara ta yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu, sa'an nan Muhammadu Bello ɗan Shehu. Shi ya shugabanci rundunar da ta karya Yunfa a Tabkin Kwatto cikin Yuni na shekaran nan. Cikin 1805 shi da Aliyu Jeɗo suka ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya gudu, wannan ne ya ba jama'a damar sauka Gwandu. A ƙarshen shekarar kuma aka sha wuya ƙwarai a Alwasa.

Yaƙi ya cinye mutanen kirki. A Tsuntsuwa kaɗai, ƙarshen 1804, an rasa wajen mutum dubu biyu, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kamar ɗari biyu. Waɗanda suka zauna tare a Ɗegel suka yi karatu a tabarma guda suka yi ta ƙarewa, waɗanda suka cike gurbinsu kuwa da yawa ganima ta kawo su. Malam Abdullahi ya duba ya ga abin da aka fito yaƙa yana tsirowa a cikin gida: son muƙami, da tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma, da cin dukiyar da ba ta halatta ba. Zuciyarsa ta ƙi. Cikin 1807, runduna tana kan hanyar Alƙalawa, sai ya sulale da 'yan abokan tafiya kaɗan, ya fuskanci gabas da nufin Makka, ba da niyyar komowa ba. Wannan ita ce rabuwar da muka ambata.

Bai wuce Kano ba. Mutanen Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, suka tsare shi suka roƙe shi ya koya musu yadda a ke tafiyad da mulki bisa shari'a. Ya ga a nan ma irin abin da ya guje wa ne, amma ya zauna, ya yi musu tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu littafin nan Liya'ul Hukkami, wanda ya zama madubin masu mulki da alƙalai a ƙasashen nan shekaru da yawa. Daga nan ya sake shawara ya komo gun wansa. Muna ganin wannan tafiya ita ce mabuɗin halinsa duka. Mutum ne wanda ba ya iya ganin karkata ya yi shiru, ba ya kuma iya yin nisa da Shehu.

Alƙalawa ta faɗi cikin Oktoba 1808, aka kashe Yunfa. Bello ya fara gina Sakkwato cikin 1809. Shehu kuwa ya bar Gwandu ya komo Sifawa, ya janye hannunsa daga sha'anin yau da gobe na mulki, ya koma ga abin da ya fi so, watau karantarwa da wallafa. Almajirai da masu neman fatawa da masu kawo ƙara suka yi ta zuwa daga ko'ina. Abdullahi, wanda ya yi yaƙe-yaƙe har ƙetaren Kwara wajen Gurma, ya kafa gidansa a Boɗinga don ya kasance kusa.

A nan ne 'yan'uwan biyu suka yi wata muhawara wadda ya kamata kowane ɗan makaranta ya san da ita, gama ta nuna yadda manya su ke saɓawa ba tare da ɓatawa ba. Abdullahi ya tsananta. A ganinsa bai kamata a kira shugabannin jama'a da sunayen sarauta irin na sarakunan da aka kayar ba, bai yarda da kiɗe-kiɗe ba, bai yarda shugaba ya yi ado da alharini da zinariya ba. Ya raba halifanci da mulki: halifa zaɓensa a ke yi saboda ilmi da adalci, mulki kuwa shi ne wanda a ke ƙwata da ƙarfi, ko ɗa ya gāda ga ubansa kamar gona. Shehu kuwa, cikin littattafan da ya yi a wannan zamani, kamar Najmul Ihwani na 1812, ya sassauta. Ya nuna abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a tsananta wa jama'a a kansa, kuma ba sunan muƙami ne abin dubawa ba, aikin mai riƙe da shi ne. Kowannensu ya rubuta nasa da hujjojinsa, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba. Cikin littafin nan nasa kuma Shehu ya gargaɗi almajirai su riƙa karanta littattafan ƙanensa, domin shi mai tsare zahirin shari'a ne. Wa ya fi gaskiya a cikinsu? Ba mu isa mu raba wannan gardama ba. Sai dai mu ce Shehu ya fi sanin abin da mutane za su iya ɗauka, Abdullahi kuwa ya fi hangen inda abin zai kai.

Cikin shekaran nan ta 1812 Shehu ya raba aikin ƙasa. Gabas ta zama hannun Bello, yamma hannun Abdullahi, aka ba Aliyu Jeɗo arewa, aka kuma ba Muhammadu Buhari ɗan Shehu da Malam Abdussalami wani yanki. Ga wanda ya duba, manyan rabo biyu sun faɗa ga ɗa da ƙane. Ba wanda zai ce ba su cancanta ba, gama su ne suka ɗauki nauyin yaƙi da na alƙalami. Amma Abdussalami, wanda Ba'are ne, ba Bafilace ba, wanda kuma a kan jama'arsa ta Gimbana fitinar ta fara tashi, ya ga rabonsa bai kai matsayinsa ba, ya riƙe abin a zuci.

To, a cikin wannan shekara, da wannan muhawara a kunnensa, Malam Abdullahi ya rubuta ɗan littafin da ya sa wa suna Ida'un Nusuhi. A nan ne jerin kakannin da muka kawo ya ke. Amma wanda ya buɗe littafin yana tsammanin zai sami kirarin gida, zai sha mamaki. Asalin jini 'yan layuka ne a farko. Sauran littafin duka wani asali ne dabam: wane ne ya koya mini kaza, shi kuma wa ya koya masa, wane littafi na karanta gun wane, wa ya ba ni izni. Ya jera malamansa ɗaya ɗaya, da fannin kowa da halinsa, ya fara da mahaifinsa da wansa. Watau ya ajiye salsala biyu gefe da gefe, ta haihuwa da ta karatu, ya ba ta biyun fili mafi yawa. A ganinmu da gangan ya yi. Kakannin nan goma sha ɗaya, ba a san ko ɗaya daga cikinsu da sarautar wani gari ba. Abin da suka bar wa 'ya'yansu allo ne da tawada da 'yan shanu. Mai karanta jerin a Boɗinga cikin 1812 ba asalin sarakuna ya ke karantawa ba, asalin malamai ne. Daga baya ne jerin ya zama abin da masu neman gadon sarauta su ke dogara da shi.

Shekara guda bayan haka, cikin 1813, ya tattara waƙoƙinsa na Larabci ya yi musu bayani, ya kira littafin Tazyinul Waraƙati. Shi ne ɗaya daga cikin manyan madogaran tarihin jihadi, domin kowace waƙa ya faɗi dalilin yinta da lokacinta, bai kuwa ɓoye ɓacin ransa na 1807 ba. Sa'an nan ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, wajen 1815, wanda aka buga a Alƙahira cikin 1961, har yanzu kuwa malamai suna karantar da shi. Yana da manyan waƙoƙi na nahawu da sarfu, da littattafai masu yawa a kan fiƙihu da mulki. In an tuna mai wannan aiki shi ne kuma mai jan runduna da sauraron ƙararrakin rabin ƙasa, sai mu da mu ke kukan yawan darussa mu ji kunya.

Cikin 1815 Shehu ya tashi daga Sifawa ya koma Sakkwato. Can ciwo ya kama shi, ya rasu cikin Afrilu 1817. Malam Abdullahi yana Boɗinga labari ya iske shi. Ya hau ya nufi Sakkwato, amma kafin ya iso manyan jama'ar da ke wurin sun riga sun yi wa Bello mubaya'a. Labarin da aka gada ya ce ya tarad da ƙofar gari a rufe, sai ya juya da mutanensa, daga baya ya koma Gwandu da zama.

Kada mu yi saurin cewa kwaɗayin sarauta ne ya ɓata masa rai. Mutumin da ya bar runduna ya nufi Makka don gudun duniya, da wuya a ce duniya ya ke bi. Yana da shekara hamsin da ɗaya, shi ne wazirin Shehu, shi ne na farkon mubaya'a, ba kuwa wanda ya kai shi ilmi a cikin waɗanda suka rage. Bisa ga abin da ya daɗe yana rubutawa, irin wannan a ke zaɓa, kuma da shawara a ke yi. Ga shi an yi ba da shi ba, an kuma ba ɗa gadon ubansa, abin da ya yi ta gargaɗi a kai. Ta wajen Bello kuma akwai hujja mai ƙarfi. Shi ma malami ne mawallafi, shi ya ci Alƙalawa, mayaƙa suna bayansa, ƙasa kuwa tana rawa, jinkirin kwana kaɗan yana iya jawo wargajewa. Kowannensu ya rubuta littafi a kan sha'anin imamanci cikin shekaran nan, kamar yadda gidan ya saba: in an saɓa, a koma ga alƙalami.

Tsoron da aka ji ya tabbata. Ƙasashe da yawa suka yi tawaye da jin rasuwar Shehu. Abdussalami ya tayar a Kware, aka yi ta aike-aike tsakaninsa da Bello, daga ƙarshe aka ci garin a farkon 1818, ya tsira da rauni ya rasu a Bakura. Sauran mutanensa da yawa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka ƙi Malam Abdullahi, ya yi ta fama da su bai iya cinsu ba. Shekara wajen uku baffa da ɗa ba su haɗu ba. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u 'yar Shehu, yana cikin waɗanda suka yi ta kai da kawowa. Daga bisani, wajen 1820, Bello ya taso da runduna ya taimaki baffansa, aka ci Kalambaina.

Abin da ya auku a bayan yaƙin nan shi ne abin da aka fi tunawa da shi. Da suka fuskanci juna bisa dawakai, Bello ya yi haramar sauka don ya gai da baffansa, yadda ɗa ya ke yi. Malam Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna bisa sirdinsa, shi kuwa ya sunkuya ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. An ce a nan ne kuma ya miƙa wa Giɗaɗo alkyabbar waziranci. Dattijo ne ya ajiye hujjarsa, wadda bai taɓa cewa ta ɓaci ba, don kada jama'a ta rabu biyu. Tun daga ran nan aka san matsayin gidajen biyu: Sakkwato ke da sarautar Musulmi, Gwandu kuwa tana riƙe da yamma, har Nufe da Ilori suka zama ta hannunta su ke bi.

Sauran kwanakinsa ya sakar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu yawancin sha'anin yaƙi da mulki, ya koma ga karatu. Cikin 1822 ya yi wani tafsiri gajere, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, don waɗanda babban ya yi musu nauyi. Ya rasu a Gwandu cikin 1829, yana da shekara sittin da 'yan kai, can kuma kabarinsa ya ke. Allah ya jiƙansa.

Saura mu ga yadda asalin ya gudana bayansa. A Sakkwato, bayan Bello sai ƙanensa Abubakar Atiku cikin 1837, daga nan sarauta ta yi ta yawo tsakanin gidan Bello da gidan Atiku, in banda Ahmadu Rufa'i, ɗan Shehu na cikinsa, wanda ya yi daga 1867 zuwa 1873, da kuma Ibrahimu Dasuƙi na gidan Buhari, daga 1988 zuwa 1996. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara hamsin daga 1938 zuwa 1988, jinin Bello ne. A Gwandu kuwa, 'ya'yan Malam Abdullahi shida ne suka yi sarauta bi da bi: Muhammadu, da Halilu, da Haliru, da Aliyu, da Abdulƙadiri, da Almustafa, wanda ya rasu cikin 1875. Halilu, wanda ya fi su daɗewa, daga 1833 zuwa 1858, ya ɗauko halin ubansa na gudun duniya. Sa'ad da Baturen nan matafiyi Barth ya sauka Gwandu cikin 1853, Halilu bai yarda sun gana ba. Haliru kuwa a fagen fama da Kabawa ya faɗi cikin 1860. Bayan 'ya'ya sai jikoki suka karɓa, kowane reshe yana ƙidaya kakanninsa zuwa ga Mai Boɗinga. Bayan zuwan Turawa aka mai da mazaunin Sarkin Gwandu Birnin Kabi, garin da Malam Abdullahi ya ci da yaƙi cikin 1805, a can kuma zuriyarsa su ke sarauta har yau.